LAURENS HAMMOND, MAƘERIN OGAN NA LANTARKI

An haifi Laurens Hammond a garin Evanston, kusa da Chicago cikin ƙasar Amurka, ran 11 ga watan Janairu 1895. Ubansa ya rasu tun yana ƙaramin yaro, sai uwarsa ta kwashe 'ya'yanta zuwa Turai, can ya yi ƙuruciyarsa. Da ya komo gida ya koyi aikin injiniya a Jami'ar Cornell, ya gama a 1916. A 1928 ya kafa kamfanin ƙera agogon lantarki.

A zamanin nan ogan mai bututu sai majami'un masu wadata, gama tsadarsa ta fi ƙarfin ƙananan ikilisiyoyi. Hammond kuwa ba makaɗi ba ne, amma ya lura injin agogonsa yana juyawa daidai, ba gaggawa ba jinkiri. Sai ya sa irin injin nan ya juya ƙananan faya-fayan ƙarfe wajen 90 kusa da maganaɗisu, kowane faifai da muryarsa. A 1935 ogan ɗin ya shiga kasuwa, ikilisiyoyi da yawa suka samu abin rakiyar waƙoƙin sujada.

Amma da sauran aiki. Wani saurayi mai gyaran rediyo a Los Angeles, sunansa Donald Leslie, ya sayi ogan ɗin, ya ji muryarsa a ɗaki ba ta da daɗin ta mai bututu. Sai ya ƙera akwatin lasifika na katako. A sama ya sa ƙaho mai juyawa domin siraran muryoyi, a ƙasa kuma ganga mai juyawa domin manyan muryoyi. Sa'anda suna juyawa, sauti ya kan nufo mai ji, ya kuma juya masa baya, har ya cika ɗaki yana rawa. Igiyar waya ɗaya mai kauri ce ke haɗa akwatin da ogan.

A 1940 Leslie ya kai wa kamfanin Hammond aikinsa, aka ƙi. A 1941 ya fara sayarwa da kansa. Hammond bai so abin ba ko kaɗan. Kamfaninsa ya hana dillalansa sayar da akwatin, har ya sāke wurin haɗa igiyar domin kada ta shiga. Leslie kuwa ya riƙa ƙera mahaɗi mai dacewa. Makaɗa ba su kula da gardamar ba, suka sayi duka biyu suka haɗa, balle a ikilisiyoyin baƙaƙen fata na Amurka.

Hammond ya bar aiki a 1960, ya rasu a Cornwall, jihar Connecticut, cikin watan Yuli 1973. Shekara bakwai bayan mutuwarsa, a 1980, kamfaninsa ya sayi sana'ar Leslie.

'Yan'uwa masu karatu, muna gode wa Allah domin baiwar mutumin nan, amma kada gargaɗin ya wuce mu. Abin da ya ƙi shi ne ya ƙawata aikinsa. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa mu gaɓoɓin jiki ɗaya ne. Mu fa, idan ƙaramin ɗan'uwa ya kawo shawara a kan aikin da muka fara, muna karɓa, ko muna sāke wurin haɗa igiya?