J. F. SCHON, MAI HAƘURIN DAFA DUTSE

Duk ɗalibin da ya ke nazarin tarihin rubutun boko, sunan da zai fara cin karo da shi shi ne na James Frederick Schon. Abin mamaki kuwa, wannan mutum da ya yi kusan shekara hamsin yana hidimar Hausa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

An haifi Schon a ƙasar Jamus cikin shekarar 1803. Ya yi karatun aikin mishan a birnin Basel, sa'an nan ya ƙaro a Landan. A shekarar 1832 ƙungiyar C.M.S. ta aika da shi Saliyo, inda a ke sauke bayin da a ka ƙwato daga jiragen masu fataucin mutane. Cikin waɗannan 'yantattu akwai Hausawa, a bakinsu ne kuma ya fara tsintar harshen.

A shekarar 1841 Gwamnatin Ingila ta shirya jirage uku su bi Kogin Kwara, don a ƙulla alkawari da sarakuna a kan hana cinikin bayi, a kuma buɗe hanyar noma da kasuwanci. Schon ya shiga ayarin tare da Samuel Ajayi Crowther. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya faɗa wa jiragen, Turawa fiye da arba'in su ka halaka, gonar gwajin da a ka kafa a wajen Lokoja kuma ba ta ɗore ba. Mutanen Ingila su ka ɗauki abin duk hasara ce. Schon kuwa ya dawo da takardunsa cike da kalmomi, ya kuma tabbata cewa Hausa ita ce mabuɗin wannan yanki. A shekarar 1843 ya fitar da littafinsa na farko a kan Hausa, mai ƙunshe da jerin kalmomi da ɗan bayanin nahawu.

Rashin lafiya ya raba shi da Afirka a shekarar 1847. Ya koma Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a Chatham. A nan ne haƙurinsa ya bayyana sosai. Babu Bahaushe kusa da shi, babu tashar mishan ko ɗaya a ƙasar Hausa, babu kuma alamar wanda zai karanta abin da ya ke rubutawa. Da wani ne, da ya naɗe tabarmarsa. Shi kuwa addininsa ya hore shi cewa aikin bawa shuka ne, yabanya kuma tana hannun Ubangiji, saboda haka bai ajiye alƙalami ba.

Ana nan sai Heinrich Barth, wanda a ka sani a ƙasarmu da Abdulkarim, ya komo Turai a shekarar 1855 tare da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi bauta tun yana yaro. Ya zauna gidan Schon shekaru da dama, yana ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi da karin magana, shi kuwa yana rubutawa. Daga wannan zama ne a ka sami fassarar Linjilar Matta a 1857, da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Ƙamus ɗin ya jawo masa lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877. Fassarar Sabon Alkawari ta kammala a 1880, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. A shekarar 1885, yana da shekara 82, ya fitar da Magana Hausa, wanda ya adana mana maganar Dorugu.

Ba a ce aikinsa ba shi da aibi ba. Bai bambanta ɓ da b ba, ko ɗ da d, ko ƙ da k, bai kuma kama karin sautin harshen ba. Wanda ya koyi harshe daga nesa, a bakin mutane ƙalilan, dole ya yi tuntuɓe. Amma tuntuɓen nasa ne ya nuna wa na baya inda duwatsu su ke.

Schon ya rasu a shekarar 1889, bai ga jama'ar da ya yi wa fassara suna karanta ta ba. Bayan shekara biyar C. H. Robinson ya isa Kano, a 1899 ya fara fitar da nasa ƙamus. Likita Mila ya zauna Zariya a 1905, cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa ya fito a 1932, babban ƙamus na Bargery ya biyo baya a 1934. Dorugu ma ya komo gida, har ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano kafin rasuwarsa a 1912.

Ko mutum ya yarda da manufar da ta kawo Schon ko bai yarda ba, akwai darasi a rayuwarsa ga duk mai nazarin harshe. Aikin kirki ba kullum mai yinsa ke cin amfaninsa ba, ba kuma wannan ne zai hana a yi shi ba. Masu iya magana sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Schon ya dafa dutsen, mu ɗaliban Hausa na yau mu ne masu shan romon.