CARTER STANLEY, MAWAƘIN DUWATSUN BAJINIYA (1925–1966)

A kudu maso yammacin Jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka akwai wani yanki na duwatsu da dazuzzuka, inda talakawa ke rayuwa da haƙar kwal da yankan katako da ɗan noma. A nan ne, a gundumar Dickenson, aka haifi Carter Stanley ranar 27 ga Agusta, 1925. Mahaifinsa Lee yana sana'ar yanka katako da inji. Mahaifiyarsa Lucy kuwa ta iya kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da fata wanda ya yi kama da gurmi. Asalinsa ma bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai irinsa Amurka. A 1927 aka yi masa ƙane, Ralph, wanda ya zama abokin waƙarsa har mutuwa ta raba su.

Iyalin suna zuwa sujada a wata tsohuwar ɗarikar Baptis da ake kira Primitive Baptist. Mutanen wannan ikkilisiya ba su yarda da kayan kiɗa a cikin majami'a ba. Mai ba da waƙa zai faɗi layi ɗaya, jama'a su karɓa su ja shi a hankali, da murya mai sa jiki ya yi sanyi. Wannan salo ya shiga jinin yaran tun suna ƙanana. Ba su gama girma ba mahaifinsu ya bar gida, ya bar uwar da wahalar renonsu. Carter ya koyi jita, Ralph ya koyi banjo a hannun mahaifiyarsu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Carter ya yi aikin soja a cikinsa, 'yan'uwan biyu suka kafa ƙungiyarsu a ƙarshen 1946. Suka kira kansu Stanley Brothers, makaɗansu kuma Clinch Mountain Boys, daga sunan wani dutse na yankinsu. Suka sami shiga gidan rediyon WCYB na garin Bristol, inda suke waƙa a wani shiri na tsakar rana, daidai lokacin da manoma ke dawowa cin abinci. Da yamma sai su cusa kayan kiɗa a mota su tafi wasa a makarantun ƙauye, su dawo cikin dare.

Irin kiɗan da suka ɗauka shi ne wanda daga baya aka sa wa suna bluegrass. Wani mutumin Kentaki, Bill Monroe, shi ya ƙago shi, sunan kuma ya fito ne daga sunan ƙungiyarsa. Kiɗa ne mai sauri, na jita da banjo da goge da mandolin, ba ganga ba lantarki. Da Monroe ya ji faifan da su Stanley suka yi a 1948 a kan salonsa sai ransa ya ɓaci, yana ganin sata aka yi masa. Da kamfanin Columbia ya ɗauke su, sai shi ya bar kamfanin ya koma Decca. Amma zancen gaskiya, kwaikwayon nasu ne ya mai da salon mutum ɗaya ya zama kiɗan jama'a. Fushin ma bai daɗe ba, domin a 1951 Carter ya yi 'yan watanni yana jan waƙa a ƙungiyar Monroe, suka zama aminai.

Abin da ya bambanta Carter da sauran shi ne alƙalaminsa. Ya tsara waƙoƙi sama da 100, da kalmomi masu sauƙi waɗanda mai haƙar kwal zai fahimta ba tare da an fassara masa ba. Kusan kullum zancensa ɗaya ne: gidan da aka baro a kan dutse, iyayen da suka rasu, ɗan da ya tafi yawon duniya ya dawo ya tarar ba kowa, da kuma begen saduwa a sama. Ralph ya ba da labarin yadda wansa ya rubuta The White Dove, wato farar kurciya, da dare a cikin mota suna kan hanya, ya kunna fitilar ciki yana rubutu. Waƙar makokin uwa da uba ce, aka ɗauke ta a faifai a 1949. Abin mamaki, mai karatu, a lokacin duk iyayensa biyu suna da rai! Ni dai a ganina baƙin cikin da ke cikinta ba na ƙarya ba ne. Yaron da ya ga gidansu ya watse yana ƙarami ba sai an binne wani zai san zafin rashi ba.

Muryarsa ba ta da ƙarfi sosai, mai taushi ce, kamar mutum yana ba ka labari a zaure. Ta Ralph kuwa siririya ce mai kaifi, tana hawa a bisa tasa. A faya-fayan Columbia sun ƙara murya ta uku, ta Pee Wee Lambert, wadda ke can sama da su duka. Waƙoƙin bishara ba su taɓa fita daga wasanninsu ba. A 1955 suka rera tsohuwar waƙar nan ta masu bi, Angel Band, a 1960 kuma Rank Stranger ta Albert Brumley, har mutane da yawa suka ɗauka tasu ce.

Sai dai suna bai kawo kuɗi ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 kiɗan su Elvis Presley ya janye matasa, kasuwar bluegrass ta faɗi. A 1958 suka koma Live Oak a Jihar Fulorida neman abinci ta shirye-shiryen rediyo da talbijin. Akwai lokacin da ba su iya biyan cikakkiyar ƙungiya ba. Ɗaliban jami'a ne suka fara waiwayarsu: sun yi wasa a bikin Newport a 1959 da 1964, a farkon 1966 kuma suka zagaya ƙasashen Turai.

To amma a lokacin nan wani abu ya riga ya ci jikin Carter, wato giya. Ya daɗe yana sha, kuma doguwar tafiya, rashin barci da ɓacin ran talauci ba su taimake shi ba. Mutumin da zai tsaya a gaban jama'a ya rera waƙar ƙetare Kogin Urdun har tsofaffi su yi hawaye, shi ne kuma ya kasa rabuwa da kwalba. Ƙanensa yana gani, ba yadda ya iya. A Oktoba 1966, suna cikin wasa a wata makaranta a Hazel Green ta Jihar Kentaki, sai jini ya ɓalle masa, ya sauka daga dandamali. Bai sake hawa ba. Ciwon hanta ya kashe shi a asibiti a Bristol ranar 1 ga Disamba, 1966, yana da shekara 41. Mahaifiyar da ya yi wa waƙoƙin makoki ita ce ta ga mutuwarsa. A wurin jana'izar, Bill Monroe, tsohon abokin gabarsa, ya tsaya kusa da akwatin gawa ya rera waƙa.

Ralph ya yi ta tunanin ko ya bar kiɗa, amma wasiƙun masu sauraro suka ƙarfafa shi ya ci gaba, yana rera waƙoƙin wansa har kusan shekara 50. A 1992 aka sa sunan 'yan'uwan biyu cikin jerin manyan gwanayen bluegrass. A shekara ta 2000 wani fim mai suna O Brother, Where Art Thou? ya sa faifansu na Angel Band a cikin waƙoƙinsa, miliyoyin mutanen da ba a haife su ba lokacin da Carter ya rasu suka ji muryarsa. Ralph ya rasu a 2016, aka binne shi a maƙabartar iyalinsu da ke kan tudun Smith Ridge, inda wansa yake kwance.