François de Roubaix, makaɗin silima (1939-1975)

An haifi François de Roubaix a Neuilly, daf da birnin Paris, cikin shekara ta 1939. Bai shiga lakwal ta kiɗa ba. Da kunne ya koya, wajen makaɗan jaz. Shi ya tsara kiɗan Les Aventuriers da Le Samouraï a 1967, da na Chapi Chapo, shirin yara na talabijin. Cikin gidansa ya kan ɗauki sauti shi kaɗai, yana gama kayan kiɗan gargajiya da na lantarki, abin da kunnuwa ba su saba ba a zamanin.

Teku ta ci shi wajen nutso a tsibirin Tenerife cikin Nuwamba 1975, yana ɗan shekara 36. A 1976, bayan ransa, aka ba kiɗansa na Le Vieux Fusil lambar César.