Ernest Hemingway: Marubuci Kuma Masunci

An haifi Ernest Hemingway a jihar Illinois ta Amurka cikin shekarar 1899. Ya fara da aikin jarida, sa'an nan ya shahara wajen rubuta ƙagaggun labarai.

A watan Afrilu na 1932 ya yi hayar jirgin ruwan abokinsa Joe Russell, suka ƙetare daga tsibirin Key West zuwa Habana ta ƙasar Kuba, domin a lokacin ne malin, wani ƙaton kifi mai baki kamar mashi, yakan biyo ruwan ɗumi na wannan gaɓa. Mako biyu ya shirya yi, amma sai da ya shafe wata biyu. Daga baya ya ɗauki wani tsohon masunci, Carlos Gutiérrez, wanda ya koya masa ɗana ƙugiya da haƙurin jan kifi na sa'o'i. Cikin 1934 ya sayi nasa jirgin, Pilar.

Abin da ya koya wurin masuntan Kuba shi ne ƙashin bayan littafinsa na 1952, The Old Man and the Sea, wanda aka ambata sa'ad da aka ba shi lambar Nobel a 1954. Ya bar Kuba a 1960, ya kashe kansa a jihar Idaho cikin 1961.