Alhassan Ɗantata: Attajirin da Ya Ƙi Ɓarna

A fitowarmu ta wannan mako mun kawo muku tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, domin yawancinmu a nan Illela 'ya'yan 'yan kasuwa ne.

An haife shi a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara ta ƙasar Gana da kasuwancinta. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta riƙe shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata. Ya yi karatun allo, kuma tun a lokacin ya saba da tattalin ɗan abin da ya samu.

Da ya girma sai ya shiga fataucin goro daga Gwanja. A wancan zamani fatake kan yi watanni a hanya da jakuna kafin su iso Kano. Goro kuwa ba ya son jira. Yana bushewa, ƙwari su ɓata shi, ga kuɗin fito da abincin dabbobi, ga 'yan fashi. Alhassan ya lura cewa hanya ce ke cinye ribar. Sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga bakin tekun Gana zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar ta ƙara gajarta.

Daga baya ya shiga cinikin gyaɗa, yana saya wa kamfanin Niger Company. Ya baza wakilai a ƙauyuka, yana ba su kuɗi da wuri don kaya su iso kan lokaci. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Duk da wannan arziki, an san shi da sauƙin rayuwa da ƙin almubazzaranci. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa.

Irin wannan tunani ne ya ɗaukaka kamfanin Toyota na Japan, mai motocin da muke gani suna ƙetarawa zuwa Birnin Ƙonni. Injiniyansu Taiichi Ohno ya ƙirga hanyoyin ɓarna guda 7 a wurin aiki. A cikinsu akwai jira, da jigilar da ba ta da amfani, da tara kayan da ba a nema ba, da aikin da sai an sake shi. Yau masana'antun duniya suna koyon wannan tsari.

Mu duba kasuwarmu. Albasar da ta ruɓe a buhu, da motar da ta kwana tana jiran lodi, da ɗinkin da aka farke aka sake, duk kuɗin iyayenmu ne, kuma daga cikinsu ake saya mana littattafai. Idan muka je taya su aiki ranar Lahadi, mu ɗauki biro da takarda mu rubuta inda asara take shigowa, mu nuna musu.

Allah ya jiƙan Alhassan Ɗantata.