Rosalind Franklin (1920–1958): Rayuwarta da Ayyukanta na Bincike

Gabatarwa

Mutane da dama sun san sunan Rosalind Franklin ne saboda hoto guda ɗaya na sinadarin gado, wanda ake kira DNA, da kuma ce-ce-ku-cen da ya biyo bayansa. Sai dai wanda ya bi maƙalun da ta buga ɗaya bayan ɗaya zai tarar cewa aikin DNA shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. A shekaru goma sha shida da ta yi tana bincike ta buga maƙala 19 a kan kwal da dangoginsa, da 5 a kan DNA, da 21 a kan ƙwayoyin cuta na bairos. A wannan babi za a bi rayuwarta ta kan waɗannan rubuce-rubuce, domin su ne shaidar da ta bari da hannunta.

Haihuwarta da Karatunta

An haife ta a Landan ranar 25 ga Yuli, 1920, a gidan Yahudawa masu hali da son ilimi. Mahaifinta, Ellis Franklin, ma'aikacin banki ne. Ta yi makarantar 'yan mata ta St Paul's, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ke koya wa mata kimiyya sosai a wancan zamani. A 1938 ta shiga Kwalejin Newnham ta Jami'ar Kambirij, inda ta karanta kimiyyar sinadarai, ta kammala a 1941. Jami'ar kuwa ba ta fara ba mata cikakken digiri irin na maza ba sai a 1948.

Binciken Kwal

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta kama aiki a cibiyar binciken amfanin kwal ta Birtaniya. Ta nazarci 'yan mitsi-mitsin ƙofofin da ke jikin kwal, da yadda suke barin wata iska ta ratsa su hana wata, gwargwadon girman ƙwayoyinta. Da wannan aiki ta sami digirin digirgir a 1945.

A 1947 ta tafi birnin Faris, ta yi aiki a ƙarƙashin Jacques Mering. A can ta laƙanci dabarar da ta zama makaminta har ƙarshen rayuwa, wato haska abu da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan hasken ya ratsa abu, ƙwayoyin zarrar da ke ciki sukan warwatsa shi, ya bar ɗige-ɗige a kan fim. Daga tazarar ɗigogin da duhunsu ake lissafo yadda ƙwayoyin suka jeru. Aiki ne mai cin rai, ga shi a lokacin da hannu ake yawancin lissafin. A 1951 ta buga maƙalar da ta raba dangin gawayi gida biyu: wanda ke rikiɗa ya zama girafayit, wato baƙin abin da ke cikin fensir, idan an gasa shi da tsananin zafi, da wanda ba ya rikiɗa ko yaya aka gasa shi. Masu nazarin gawayi na ambaton wannan maƙala har yau.

Shekaru Biyu a Kwalejin King's

A watan Janairu na 1951 ta koma Landan, ta shiga sashen da John Randall ke shugabanta a Kwalejin King's. Tun kafin ta iso aka shuka rigimar da ta ɓata mata zama. Randall ya rubuta mata wasiƙa yana nuna cewa ita da wani ɗalibi, Raymond Gosling, su ne za su riƙe aikin eksire a kan DNA, amma bai sanar da Maurice Wilkins ba, wanda ya riga ya fara aikin. Wilkins ya ɗauka an kawo masa abokiyar aiki, ita kuma ta ɗauka aikin nata ne. Ga shi halinsu ya sha bamban: ita mai faɗar magana ce kai tsaye, shi kuwa mai kawaici ne da gudun gardama. Laifin farko dai na shugaba ne da bai fayyace wa kowa hurumin aikinsa ba.

Duk da haka aikin ya yi albarka. Ta gano cewa zaren DNA na da siga biyu gwargwadon laimar da ke tare da shi: siga ta A idan ya ɗan bushe, siga ta B idan ya sha ruwa. Hotunan da magabata suka ɗauka sun dagule ne saboda sigogin biyu sun cakuɗe a cikinsu. Ta kuma nuna cewa sinadarin fosfet a bayan zaren yake. Da wannan hujja ta rushe samfurin farko da James Watson da Francis Crick suka gina a Kambirij a ƙarshen 1951, wanda ya sa fosfet ɗin a tsakiya. A watan Mayu na 1952 Gosling ya ɗauki hoton siga ta B a ƙarƙashin kulawarta, wanda aka sani da Hoto na 51. Gicciyen ɗigogin da ya fito a kansa alama ce ta abin da yake a murɗe kamar igiya.

A watan Janairu na 1953 Wilkins ya nuna wa Watson wannan hoto ba da saninta ba. A Fabrairu kuma Max Perutz ya ba Watson da Crick wani rahoto na hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken, mai ɗauke da ma'aunanta. Rahoton ba na sirri ba ne, amma ba a nemi izininta ba. Daga ma'aunan ne Crick ya fahimci cewa zaruruwa biyu ne da ke tafiya kai da ƙafa, ɗaya ya nufi sama ɗaya ya nufi ƙasa. Littattafanta na ɗakin gwaji sun nuna cewa ita ma a wannan watan ta kai ga cewa tufka biyu ce. Abin da ya rage mata shi ne yadda sinadaran tsakiya ke haɗuwa bibbiyu, kuma wannan Watson da Crick ne suka warware shi.

Ranar 25 ga Afrilu, 1953, mujallar Nature ta buga maƙalu uku a jere: ta Watson da Crick, sai ta Wilkins da abokan aikinsa, sannan ta Franklin da Gosling. Wannan jeri ya sa mai karatu ya ɗauka aikinta ya zo ne don gaskata na farko, alhali a kan ma'aunanta aka gina shi. Ɗalibin da zai rubuta kundi ya lura a nan: gurbin da aka ajiye suna, da irin godiyar da aka yi ko aka taƙaita, suna iya sauya yadda tarihi zai karanta aiki.

Aikin Bairos a Birkbeck

Kafin maƙalun su fito ta riga ta bar King's a watan Maris, ta koma Kwalejin Birkbeck wajen J. D. Bernal. A ganin mai wannan rubutu, a nan ne gwanintarta ta cika. Ta tara matasan masu bincike, cikinsu har da Aaron Klug da Kenneth Holmes da John Finch, suka duƙufa a kan bairos ɗin da ke sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare. A 1955 ta buga a Nature cewa ƙwayoyin wannan bairos duk tsawonsu ɗaya ne. A 1956 ita da Donald Caspar suka nuna, a maƙalu biyu da aka buga tare, cewa ƙwayar kamar bututu take mai rami a tsakiya, kuma sinadarin gadonta, RNA, a naɗe yake cikin jikin furotin ɗin da ya zagaye ramin.

A wannan shekara ta 1956 aka gano tana da sankarar ƙwan mahaifa. An yi mata tiyata, ta koma bakin aiki. Ta yi wani ɓangare na jinyarta a gidan Crick da matarsa Odile, domin zuwa lokacin sun zama aminai. A 1956 da 1957, tana fama da ciwon, ita da abokan aikinta sun buga maƙala 13, har ta soma nazarin bairos ɗin shan inna. Ta rasu ranar 16 ga Afrilu, 1958, tana da shekara 37. Washegari aka buɗe baje kolin duniya a birnin Burasels na Beljiyam, inda aka nuna babban samfurin bairos ɗin taba da ta shirya.

Bayan Rasuwarta

A 1962 aka ba Watson da Crick da Wilkins kyautar Nobel, wadda ba a ba mamaci. A 1968 Watson ya fitar da littafinsa, The Double Helix, inda ya siffanta ta a matsayin mace mai taurin kai wadda ba ta gane darajar abin da ke hannunta ba. Wannan ya fusata waɗanda suka san ta. Ƙawarta Anne Sayre ta mayar da martani da littafi a 1975, Brenda Maddox kuma ta buga cikakken tarihinta a 2002. A 2023 Matthew Cobb da Nathaniel Comfort, bayan sun binciki takardunta, sun kafa hujja cewa ya kamata a ɗauke ta a matsayin ɗaya daga cikin mutum huɗu da suka warware sigar DNA, kafaɗa da kafaɗa da sauran. Klug, wanda ya gaji jagorancin tawagarta ta Birkbeck ya ci gaba da aikin bairos, ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1982.