Kaisar Augustas, Sarkin Romawa na Fari

Duk mai karanta Bisharar Luka, sura ta 2, zai ci karo da sunan Kaisar Augustas. Ya kamata mu san ko wane ne shi, gama a zamaninsa ne aka haifi Ubangijinmu.

An haife shi a birnin Roma a shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu. Sunansa na yanka Oktabiyas. Kakarsa ta wajen uwa 'yar'uwar Yuliyas Kaisar ce, babban jarumin nan na Romawa. A lokacin nan Roma ba ta da sarki, majalisar dattawa ke riƙe da mulki, amma manyan mayaƙa suna ta kokawar neman iko. Sa'ad da aka kashe Yuliyas a shekara ta 44, sai aka tarar ya bar wasiyya ya mai da Oktabiyas ɗansa da magajinsa. Yaron kuwa shekararsa 18 kaɗai.

Bai sami sarauta a sauƙaƙe ba, bai kuma same ta da hannu mai tsabta ba. Ya haɗa kai da Markus Antoniyas da Lefidas, suka rubuta sunayen maƙiyansu aka karkashe su, har da Shishero, mashahurin mai magana. A shekara ta 42 suka ci waɗanda suka kashe Yuliyas da yaƙi a Filibi, garin da Bulus ya yi wa'azi daga baya. Sa'an nan abota ta koma gaba. A shekara ta 31 jiragensa suka fatattaki na Antoniyas da Kiliyobatara sarauniyar Masar a Aktiyum. Bayan shekara huɗu majalisa ta ba shi laƙabin Augustas, wato mai daraja. Daga nan ne watan Agusta ya sami sunansa.

Da ya zauna daram, sai ya juya ga gyaran ƙasa. Birnin Roma ya cika maƙil, talakawa suna cunkushe cikin benaye masu yawan gobara, bayi suna ko'ina. Ya riƙa raba alkama kyauta ga mutum wajen 200,000, ya kafa rundunar kashe gobara, ya gyara hanyoyi da magudanan ruwa. Ya ƙidaya Romawa sau uku. Shi ne ya tabbatar wa Hirudus sarautar Yahudiya, Hirudus kuwa ya gina Kaisariya domin girmama shi. A shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu ya tuɓe Arkilayus ɗan Hirudus, ya sa Yahudiya a hannun gwamnan Roma.

Amma gidansa bai zauna lafiya ba. Bai haifi ɗa namiji ba. Ya kori 'yarsa Yuliya zuwa wani tsibiri, jikokinsa biyu da ya zaɓa su gāje shi suka mutu da ƙuruciya. A shekara ta 9 aka hallaka rundunoninsa uku a kurmin Jamus. Ya rasu a Nola a shekara ta 14, yana da shekara 75, agolansa Tibariyas ya gāje shi.

Bayan rasuwarsa majalisa ta lasafta shi cikin alloli. Duk da haka hanyoyinsa da zaman lafiyar da ya kafa su ne suka sauƙaƙa wa manzanni tafiya da bishara. Shi da ya ba da umurnin ƙidaya bai san Yaron da aka haifa a Baitalami ba. Ku karanta Luka 2:1-7 tare, ku gwada ikon sarakunan nan biyu.